Makin Jarrabawar Shiga Jami'a: Abin da Ya ke Aunawa, da Dangantakarsa da Halin Ɗalibi

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar hukumar JAMB ta fitar da sakamakon jarrabawarta, sai ka ji magana guda ce a bakin iyaye da malamai, daga Gusau har Tsafe da Bunguɗu, watau "Nawa ya samu?" Yaron da ya sami maki mai yawa a kan ɗauke shi mai kaifin basira, wanda ya sami kaɗan kuwa sau da yawa a kan yanke masa hukunci nan take, a ce ba shi da kan karatu. Waɗansu ma su kan ƙara da cewa ai abin a hali ya ke, wai akwai irin mutanen da Allah ya halitta don cin jarrabawa, akwai kuma waɗanda ko sun shekara goma suna zaunawa ba za su haye ba.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana abu uku. Na farko, mene ne wannan maki, kuma yaya a ke samunsa. Na biyu, ina iyakar amfaninsa, musamman ga yaran ƙasar Zamfara. Na uku, wace dangantaka ce ke tsakaninsa da halin mutum, bisa ga abin da masu bincike suka gano, da kuma abin da Hausawa su ke nufi idan sun ce hali. Batun ba ƙarami ba ne, domin a kan wannan lamba ce a kan tsai da shawarar ko yarinya za ta ci gaba da karatu ko za a yi mata aure, ko uba zai sake sayar da buhun dawa ya biya wa ɗansa kuɗin jarrabawa ko zai ce ya isa haka nan.

Asalin jarrabawar

Kafin 1978 kowace jami'a a Nijeriya ita ke shirya tata hanyar ɗaukar ɗalibai. Da jami'o'i suka ƙaru cikin 1975, aka sami sababbi a Sakkwato da Kano da Maiduguri da Jos da sauransu, sai rikici ya yi yawa. Yaro ɗaya ya kan nemi jami'a uku ko huɗu, duk su ba shi gurbi, alhali wani bai sami ko ɗaya ba. Saboda haka Gwamnatin Tarayya ta kafa JAMB cikin 1978 don ta haɗa neman shiga jami'a wuri guda. Daga baya aka ɗora mata kwalejojin fasaha da na horon malamai, sa'an nan cikin 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama guda, wadda a ke kira UTME. An fara gwada yin ta da kwamfuta cikin 2013, daga 2015 kuwa aka bar takarda da fensir gaba ɗaya.

Ga yadda tsarinta ya ke. Ɗalibi zai ɗauki darasi huɗu. Turanci tilas ne ga kowa, sauran ukun kuwa sun danganta da fannin da ya ke nema, Hausa da Larabci ma suna cikin darussan da a ke iya zaɓa. Tambayoyin 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun, lokacin kuwa awa biyu. In aka raba, kowace tambaya ta sami daƙiƙa 40 ke nan. Kowace tambaya tana da amsoshi huɗu, ɗaya ce daidai. Jimlar makin 400 ne.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, wanda bai san kome ba, ya zauna yana ta cankar amsa, bisa ga lissafi zai dace da wajen ɗaya cikin huɗu na tambayoyin. Don haka makin da ke can ƙasa ba ya faɗin abu mai yawa game da sanin ɗalibi. Na biyu, Turanci ya ci sulusin tambayoyin shi kaɗai, bayan haka kuma da shi a ke yin tambayoyin Lissafi da Kimiyya da Tarihi da sauransu. Ke nan yaron da Turancinsa ya yi rauni sau biyu ya ke biya.

Makin ba shi kaɗai ke ba da gurbi ba

Mutane da yawa sun ɗauka da an ci JAMB shi ke nan an shiga jami'a. Al'amarin ya fi haka tsawo. Kowace shekara hukumar da shugabannin makarantu su kan zauna su tsai da maki mafi ƙanƙanta da za a karɓa. Cikin 2017 an sa 120 ga jami'o'i, cikin 2024 aka sa 140, cikin 2025 kuwa 150. Amma wannan ƙofar waje ce kurum. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, fannoni irin su aikin likita da shari'a kuwa nasu ya kan yi sama ƙwarai saboda yawan masu nema. Har wa yau ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, galibi har da Turanci da Lissafi. Tun 2005 kuma jami'o'i suka soma yin tasu tantancewa bayan ta JAMB, aka hana cikin 2016, aka dawo da ita cikin 2017.

Sa'an nan akwai ƙa'idar rabon gurabe a jami'o'in Tarayya: kashi 45 cikin ɗari bisa ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa cikin masu ƙarancin ilmin boko, Zamfara kuwa tana cikinsu. Wannan ƙa'ida shaida ce cewa ita kanta Gwamnati ta yarda maki ba ya tsayawa shi kaɗai, dole a duba inda mai shi ya fito.

Abin da makin ya ke aunawa

Maki kamar mudu ne a kasuwar hatsi. Mudu ya kan gaya maka yawan geron da aka kawo yau, amma ba zai gaya maka ko gonar jigawa ce ko fadama ba, ko an sami taki, ko ruwa ya ɗauke da wuri, ko manomin ya sami shiga gonarsa ma. Haka makin UTME ya ke. Yana auna abin da aka koya wa yaro, ya riƙe, ya kuma iya fito da shi da Turanci, a gaban kwamfuta, cikin awa biyu na rana ɗaya.

Wannan awo yana da amfani na gaske, kada a raina shi. Amfaninsa na farko shi ne mudu ɗaya ne ga kowa. Ɗan talaka daga ƙauyen Tsafe, wanda ba shi da kowa a ofis, in ya sami 280 to ya samu, ba mai iya cewa alfarma aka yi masa. Amfani na biyu, masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar 2025, dole kuwa a sami abin tacewa, in babu maki sai sanayya ta maye gurbinsa. Amfani na uku, wanda ya san Lissafi da Kimiyya sosai a sakandare ya fi zama cikin shirin ɗaukar karatun shekarar farko a jami'a.

Abin da ya faru a Amurka ya isa misali. Can suna da irin wannan jarrabawa da a ke kira SAT, an fara ta tun 1926. Lokacin annobar korona cikin 2020 jami'o'i da yawa suka ce ba tilas ba ne a kawo makinta. Amma cikin 2022 jami'ar MIT ta dawo da ita, cikin 2024 kuma Dartmouth da Yale da Harvard suka koma neman makin jarrabawa. Ɗaya daga dalilan da aka bayar shi ne makin ya kan taimaka a gano haziƙin yaro daga makarantar da ba a san ta ba, muddin an karanta makin tare da sanin irin makarantar. Jami'ar Kalifoniya kuwa ta bar amfani da shi. Watau ko a can ba a gama muhawara ba.

Sai dai mudu ma ya kan sami tangarɗa. Cikin 2025 fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka sami ƙasa da 200. Bayan ƙorafi ya yi yawa, ran 14 ga Mayu magatakardan hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya ce an sami kuskuren na'ura a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, wanda ya shafi mutum 379,997, aka kuwa sake musu jarrabawar. Wannan ya nuna lambar da a ke gani aikin ɗan Adam ce, tana iya zama daidai, tana iya karkata.

Gonar da makin ya fito: Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, makarantun gaba da sakandare sun ƙaru a cikinta. Gusau tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa cikin 2013, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta mata. Tsafe tana da kwalejin koyon aikin lafiya, Kaura Namoda kwalejin fasaha, Maru kwalejin horon malamai, Talatar Mafara kuma jami'ar jiha. Ƙofofi sun samu. Abin dubawa shi ne hanyar da yaro ya ke bi kafin ya iso bakinsu.

Cikin Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, aka rufe makarantun kwana. Cikin Satumba na shekarar aka sake kwashe ɗalibai a Maradun, aka rufe makarantu, aka kuma katse layukan tarho a jihar har tsawon makonni. Cikin 2022 aka kai hari kwalejin lafiya ta Tsafe. Cikin Satumba 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya daga gidajen da su ke haya a Sabon Gida, cikin ƙasar Bunguɗu. Cikin Nuwamba na wannan shekara Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Yaron da ya yi sakandare cikin waɗannan shekaru ya rasa watanni na karatu ba da laifinsa ba, tambayoyin da zai amsa kuwa daga manhaja ɗaya su ke da na yaron da makarantarsa ba ta taɓa rufewa ba.

A cikin jihar ma akwai bambanci. Ɗan Gusau ya fi kusa da cibiyar jarrabawa da masu koyar da darasin yamma da shagon kwamfuta. Ɗan ƙauyen Bunguɗu ko na Tsafe sai ya yi sammako ya hau hanya, wani ma ranar jarrabawa ce rana ta farko ko ta biyu da ya taɓa zama gaban kwamfuta. Saboda haka 200 ɗin wannan da 200 ɗin wancan lamba ɗaya ce, amma wahalar da aka sha kafin a same ta ba ɗaya ba ce.

Hali da maki

To, yanzu sai mu zo ga batun hali. Akwai wani gwaji da ya yi suna a duniya, ana kiransa Myers-Briggs, da sunan Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, waɗanda suka gina shi bisa ra'ayin Carl Jung na 1921. Ya kan kasa mutane kashi 16, ya ba kowane kashi haruffa huɗu. Samari da yawa su kan yi shi a intanet, su ce su irin kaza ne, har su danganta cin jarrabawa ko faɗuwa da irinsu. Masana halayyar ɗan Adam da yawa ba su gamsu da shi ba, saboda dalili biyu. Na ɗaya, mutane da dama in sun sake gwajin bayan 'yan makonni sai ya sa su cikin wani kashi dabam. Na biyu, yana yanka mutane gida biyu a wurin da babu iyaka, misali ko mai son shiga jama'a ko mai son kaɗaici, alhali yawancin mutane a tsakiya su ke.

Abin da masu bincike suka fi dogara da shi shi ne auna halaye guda biyar, kowane mutum yana da rabonsa na kowannensu, wani da yawa wani kaɗan. Su ne son sanin sabon abu, da kula da aiki da tsari, da son shiga mutane, da sauƙin kai, da saurin damuwa. Cikin 2007 Erik Noftle da Richard Robins suka bincika ɗaliban Amurka, suka ga son sanin sabon abu shi ya fi tafiya tare da makin SAT na ɓangaren harshe, kula da aiki kuwa shi ya fi tafiya tare da sakamakon aji, a sakandare da jami'a, ko da an cire tasirin makin SAT. Cikin 2009 Arthur Poropat ya tattara bincike masu yawa da suka ƙunshi ɗalibai fiye da 70,000, ya ga kula da aiki yana da dangantaka da nasarar karatu wadda galibi ba ta rataya ga kaifin basira ba. An kuma daɗe da sanin cewa fargabar jarrabawa ta kan rage makin wanda ya san karatunsa.

Ma'anar wannan a fili ta ke. Jarrabawar awa biyu ta fi nuna sani da saurin fahimta, karatun shekara huɗu kuwa ya fi nuna naci. Wanda ya ci 300 amma ba ya zuwa aji, ba ya gama aikin da aka ba shi, yana iya komawa baya, wanda ya shiga da 190 yana bin karatunsa kullum ya wuce shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma fa a yi hattara da abu biyu. Na farko, dangantakar nan ba mai ƙarfi ba ce sosai. Ana ganinta in an dubi dubban mutane, ba ta isa a yanke wa yaro ɗaya hukunci ba. Cikin masu shiru akwai masu maki mai yawa da masu kaɗan, haka cikin masu surutu. Na biyu, yawancin binciken a ƙasashen Turawa aka yi shi. Cikin 2019 Rachid Laajaj da abokan aikinsa suka duba amsoshin mutane daga ƙasashe 23 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, suka ga tambayoyin ba sa auna halayen nan biyar yadda su ke aunawa a Turai da Amurka. Wannan ba abin mamaki ba ne ga Bahaushe. In ka tambayi yarinyar Bunguɗu ko ta kan fara yi wa baƙo magana, ta ce a'a, mai yiwuwa tarbiyya ce da kunya ta nuna maka, takardar kuwa ta rubuta ta cikin masu gudun mutane.

Hali a wurin Hausawa

Bahaushe in ya ce hali, ya fi nufin yadda mutum ke zama da mutane. A. H. M. Kirk-Greene, cikin laccarsa a kan mutumin kirki da aka buga cikin 1974, ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. In mai karatu ya duba, ba ko ɗaya cikinsu da za a iya aunawa da tambaya mai amsa huɗu. Amma biyu daga ciki, haƙuri da amana, sun yi kusa ƙwarai da abin da masu bincike su ke kira kula da aiki, watau jure wa abin da aka fara da cika abin da aka ɗauka.

Tsarin karatunmu na zaure ya san wannan tun da daɗewa. Malami ba ya gwada almajiri rana ɗaya. Ya kan zauna da shi shekaru, ya ga zuwansa da asuba, ya ji yadda ya ke biya karatu, ya san fushinsa da haƙurinsa, sa'an nan ya ba shi izinin karantarwa. Ilmi da hali tare a ke shaidarsu. Wannan ba zai yiwu ga mutum miliyan biyu ba, shi ya sa aka koma ga lamba. Amma ya kamata a tuna abin da aka bari a baya sa'ad da aka koma gare ta.

Hausawa su kan ce hali zanen dutse. Karin maganar gaskiya ce ta wajen cewa ɗabi'a tana da wuyar sakewa, amma kuskure ne a ɗora ta a kan yaro mai shekara 17 don ya faɗi jarrabawa sau ɗaya. Bincike ya nuna kula da aiki ya kan ƙaru yayin da mutum ke girma, musamman daga samartaka zuwa manyanta. Zama a yi karatu awa ɗaya kowace rana kuwa abu ne da a ke koya, kamar yadda a ke koyon riƙon fartanya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da shawara ga kowane ɓangare. Iyaye, in maki ya zo kaɗan, kafin a ce yaro ba shi da kai, a tambaya wane darasi ne ya ja shi ƙasa, ko yana da malamin darasin, ko ya saba da kwamfuta, ko lokaci ne ya ƙure masa. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana da magani, jarrabawar kuma ana sake ta kowace shekara, ga kwalejojin ilmi da na fasaha da na lafiya waɗanda hanyoyi ne na gaske. Malaman sakandare su dage a kan karatun Turanci da fahimtarsa tun daga aji ɗaya, su kuma saba wa yara amsa tambaya da agogo, domin sabo ya kan rage fargaba. Jami'o'i su riƙa bin sawun ɗalibansu, su gwama makin shiga da sakamakon fita, don a san ainihin abin da makin ya ke faɗi game da yaranmu. Masu nazarin Hausa kuwa aiki na jiransu, na tsara ma'aunin hali da kalmomin Hausa da fahimtar Hausawa.

Ɗalibi kuma ya sani makinsa labarin rana ɗaya ne. In ya yi kyau ya gode wa Allah, ya san aikin yanzu ya fara. In bai yi ba, ya nemi inda ramin ya ke ya cike shi, ya sake zama. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zamfara, amin.